Zakara a Cikin Ƙanƙara

Tanti Elmire, don girman Allah ki saurare ni, ki gaya min abin yi tun kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Na san maza ba su cika rubuto miki a shafinki na jarida ba, kuma in 'yan garinmu suka gane ni ne, dariyar da za su yi min sai ta kai kan jikokina. To su yi. Na kai inda zama ba ya kama ni. In na shiga mota zan tafi aiki sai in tsinci kaina na miƙi hanyar kudu, sai na yi nisa sannan in farga in juyo. Wayata ma yanayin garinmu take nuna min, ba na inda nake zaune ba, har matata ta gaji da cewa in gyara.

Ni haifaffen karkarar bayan Mamou ne, a jihar Louisiana, inda gonar shinkafa ke iyaka da gonar shinkafa. Walda ce sana'ata. Lokacin da aikin mai ya buɗe a Dakota ta Arewa na bi ayari na zo, da niyyar in yi shekara biyu in koma in gina gida kusa da na Baba. Shekara biyun nan yau ta haifi goma sha wani abu. A nan na haɗu da Britta, malamar firamare ce, 'yar garin ce gaba da baya, muka yi aure. 'Yarmu ɗaya, Odile, sunan kakata ta ci, shekararta tara. Kuma kada ki ɗauka ƙarar matata na kawo miki. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, wani lokaci ma gara a ce ta ɗaga.

Ban san ta inda zan fara ba, bari in fara da ciki tunda shi ya fi damuna. Tanti, mutanen nan in kin ji sun ce abinci ya yi yaji, to masoro ne ya gifta ta kusa da tukunyar. Surukata Arlene mutuniyar kirki ce, amma duk abin da ta dafa fari ne: farin dankali, farin kifi, farar miya, a kan farin faranti. Ranar da na fara dafa musu gumbo, miyar nan tamu ta gida, na tsaya kan baƙar tukunyata ina juya fulawa da mai har haɗin da muke kira ru ya yi duhu yadda Mama ke so, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu, na cire mata batir na ci gaba. Da na sauke, Arlene ta leƙa tukunyar, ta ja 'yarta gefe ta tambaye ta a hankali ko ya kamata a gaya min miyar ta ƙone. Ta ci cokali biyu don kara, ta sha ruwa kofi uku, ta ce abin yana da ban sha'awa. Sai daga baya na gane cewa a bakin mutanen nan wannan ita ce babbar ashar.

Ba ɗanɗanon kaɗai ba ne. Sosej mai hayaƙi ana aiko min daga gida, barkono ina da shi, lawashi ina shukawa a gwangwani a bakin taga. Abin da ba a iya aikowa shi ne mutane. Kin san ranar da sanyin farko ya sauka a gida, kowace unguwa ƙamshin ru take yi, kuma ba wanda ke gayyatar wani. Ka ɗora tukunya kawai, kafin shinkafa ta nuna motoci sun cika ƙofar gida, kawu ya zo da gogensa, goggo ta zo da kwaɗon dankali da gulmar mako guda. A nan sanyi na sauka kowa zai ja ƙofarsa ya rufe sai bazara. In mutum zai zo gidanka sai ya bugo waya tun mako yana gaba, ya zo a kan lokaci, ya tafi a kan lokaci. Shekarar farko na cika tukunyar da za ta ciyar da mutum talatin, na bar fitilar baranda a kunne, ina jira. Mu biyu muka ci ta har ta gundure mu.

Da can in ina juya ru, Britta kan jawo kujera ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin makaranta, tunda ta san ba a barin tukunyar ko da waya za ta fashe da ƙara. Ta koyi cin abincinmu, har barkono take ƙarawa. Yanzu in na ɗora sai ta buɗe taga ta tafi duba littattafan yara. Wataƙila laifina ne, don na lura da zarar cokali ya shiga hannuna bakina ke buɗewa: a gida kaza ake yi, a gida ba haka ake yi ba. Ina jin kaina ina faɗa, amma na kasa dainawa.

Baba ya rasu a watan Oktoba, Allah ya jiƙansa. Na je aka binne shi, ban cika mako ba na dawo saboda aiki. Na ɗauka na daure, sai da bikin Mardi Gras ya matso na gane ban daure komai ba.

Tun zamanin kakana gidanmu yana kan hanyar masu yawon Mardi Gras. Talatar jajibirin azumin Kiristoci, tun da safe za ka jiyo kiɗan akodiyon da goge daga nesa, sai ga su nan, wasu a kan doki wasu a ƙasa, cikin tsummokara masu geza da dogayen huluna masu tsini, fuska a rufe, suna bin gida-gida suna roƙon abin da za a haɗa gumbon gari da yamma. Kyaftin, jagoran ayarin, zai tsayar da su a bakin hanya, ya shigo shi kaɗai da farar tuta ya nemi izinin mai gida. Sai Baba ya ja aji, ya ce shi bai ga alamar mayunwata ba, sai sun yi rawa tukuna. Su yi rawa, su yi birgima, su kama ƙafarsa suna magiya. Sannan ya hau rufin rumbu da zakara a hammata ya wurga shi sama. Ƙattin maza su bi shi cikin taɓon gona, wannan ya faɗa lambatu, wancan ya maƙale a waya, Mama na baranda tana dariya har da hawaye. Duk shekara Baba yakan ware zakaru yana kiwonsu musamman don ranar, ya fi son siraran nan masu dogayen ƙafafu, wani sa'in ya haɗa da zabo don mugunta. Ni ma na yi wannan gudun tun ina saurayi, akwai tabo a gwiwata da ke shaida.

A watan Janairu wana Wilfred ya bugo ya ce ya sayar da kajin, kuma ya gaya wa kyaftin ya cire gidanmu daga hanya, wai Mama ba za ta iya da hayaniya ba, shi kuma bayansa ba zai bar shi hawa rufi ba. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a jarida ba. Ya ce min mai son rufi ya zo ya hau, ya kashe waya. Har yau ba mu sake magana ba.

Daga nan ne shawara ta zo min, kuma a lokacin gani nake ba a taɓa yin dabara irinta ba. Na ce tunda an rufe ƙofa a can, ni zan buɗe a nan, Odile ta ga abin da kakanta ke yi. Na tattaro tsofaffin riguna na yayyanka, na ɗinka geza da hannuna, na yi huluna da kwali. Na je wata gona na sayo zakara ja, na ajiye shi a gareji. Kuskuren farko ke nan, don kafin in ankara Odile ta fara kai masa hatsi, ta raɗa masa suna Kanar. Ke kin taɓa jin wanda ya raɗa wa kazar miya suna? Na ce ta gayyato 'yan ajinsu ranar Lahadi, akwai wasan shiga irin ta garinmu. Britta ta tambaye ni me za a yi, na ce ta bari kawai ta sha mamaki.

Ta kuwa sha. Yara suka zo, na sa musu kayan a kan rigunan sanyinsu, iyaye suka jeru a bakin shinge hannu a aljihu. Na buɗe ƙofofin a-kori-kurata na ƙure kiɗan gida. Na kafa tsani na hau rufin gareji da Kanar a hammata, kuma Allah ya sani, da na tsaya a can sama zuciyata ta cika, ji nake kamar Baba na tsaye a bayana. Na wurga shi. A gida zakara na taɓa ƙasa ƙafa ce ke aiki. A nan ya yi fiffike sau biyu, ya faɗa cikin dusar ƙanƙara ya nutse har wuya, ya tsaya cak, kai kawai ake gani yana ƙifta ido. Ba yaron da ya motsa. Ina daga sama ina ta cewa ku bi shi, ku kama shi, su kuwa suna kallona. Wani ƙaramin ya fashe da kuka. Sai Odile ta kutsa cikin ƙanƙarar har cinya, ta tono shi, ta cusa shi cikin rigarta ta ja zif.

Da na sauko wata uwa ta tambaye ni cikin ladabi me za a yi da zakaran yanzu. Ni kuma da wautata na gaya mata gaskiya, na ce tukunya zai shiga, ru na nan na jira, kowa ya tsaya ya ci. Kafin in naɗe tsani filin ya watse. Wani maƙwabci ya kira 'yan sanda wai ana azabtar da dabba. Ɗan sandan da ya zo saurayi ne mai kunya, ya duba Kanar ya ga lafiyarsa lau, ya ce don Allah kada in sake jefa kaza daga rufi. Ƙamshi ya riƙe shi a bakin ƙofa, na zuba masa gumbon sosej zalla, ya ci kwano biyu yana share gumi. Shi ne baƙona kaɗai a ranar.

Duk wannan da sauƙi. Da yamma na sami Odile a gareji tana shafa zakaran, na durƙusa ina mata bayani, na ce haka kakanta ke yi, haka kakan kakanta ya yi, ba mugunta ba ce, gari ne ke haɗuwa ya ci daga tukunya ɗaya. Ta bar ni na gama, ta ce, "Baba, wannan abin mutanenku ne. Ni 'yar nan ce." Ba da fushi ta faɗa ba, da tausayi ta faɗa, irin yadda ake yi wa baƙo kwatancen hanya. Na tashi na shiga mota na yi ta zagaya gari ban san inda za ni ba.

Washegari iyaye suka kai ƙorafi wurin shugabar makaranta, tunda rabin yaran a gaban Britta suka taso. Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri. Da ta gama ta sayo fitilar ɗumi ta rataya wa Kanar. Yana nan har yanzu, ya yi ƙiba, kullum da asuba sai ya yi min cara a ƙarƙashin taga, kuma ni ke share masa kashi.

Ranar Talatar Mardi Gras da rana na kira Mama daga wurin aiki. Ta ce lafiya lau, kada in damu. Can cikin hira ta ce ta jiyo kiɗan tun daga kwanar gonar maƙwabta, ta fito baranda, ta dafa babbar butar kofi ko da wani zai ratso. Suka zo daidai ƙofar gida, kyaftin ya cire hula ya ɗaga mata, suka wuce. Ta ce kofin bai ɓaci ba, ta sha abin da ta sha, ta zuba wa fulawoyinta sauran. Tanti, a tsakiyar fili, cikin ƙattin ma'aikata, na sauke gilashin walda a fuskata don kada a ga abin da idona ke yi.

A makon ne ɗan kawuna Dudley ya bugo. Yana da shagon walda can gida, kusa da Lafayette, ya ce yana neman wanda zai riƙe masa ma'aikata, in ina so wurin nawa ne, amma yana son in fara bayan bikin Ista. Kafin ya rufe baki na ce na karɓa. Sai da na ajiye waya na tuna ina da mata. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce mahaifiyarta idonta na mutuwa, ba ta da kowa kusa sai ita. Ta ce duk zuwan da muka yi gida ta yi iya ƙoƙarinta, ta sha zafi da sauro, ta zauna cikin goggonnina suna Faransanci a kanta suna dariya, suna kiranta Ba'amurkiya kamar su daga wata duniya suka faɗo. Sannan ta ce, "Tun ranar da na aure ka kake zaune a gidan nan kamar mai jiran mota. In ta zo ka hau. Ni da Odile ba inda za mu."

To ga inda nake. Ista na matsowa, Dudley na jira, ya riga ya gaya wa dangi ina dawowa. Wani lokaci in ce in tafi ni kaɗai, in riƙa zuwa ina ganinsu, ai maza da yawa a aikin mai haka suke rayuwa. Wani lokaci in ce in na tafi dole su biyo ni. Wani lokaci kuma in kalli Odile tana cin abinci in ji ba zan iya kwana guda a wani gari ba tare da ita ba. Amma in na zauna, ina tsoron in tsufa a nan in mutu a nan, a binne ni cikin ƙasar da sai an gasa ta da wuta kafin a iya haƙa kabari, 'yata kuma ta tashi ba ta san ko mu su wane ne ba. Ina son matata, ina son gida, kuma kowanne na kama sai ɗayan ya suɓuce. Ki gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Mai Walda, Dakota ta Arewa

Ɗana Mai Walda,

Na yi dariya a kan zakaranka har na ƙware da kofi, sannan na zo kan mahaifiyarka a baranda, dariyar ta tsaya. Allah ya jiƙan Babanka. Kewar da kake ji gaskiya ce, ba ragwanci ba ce, kuma ba wanda ya isa ya ce maka abinci ne kawai. Amma ka nemi gaskiya, to ga ta.

Rabin abin da kake kira kewar gida makoki ne da ba ka zauna ka yi ba. Ka binne uba ka koma bakin aiki cikin mako, baƙin cikin ya rasa ƙofar fita, ya bi ta tukunya. Gidan da kake son komawa gida ne da Babanka ke tsaye a kan rufinsa, kuma shagon Dudley ba zai mayar da shi can ba. Za ka iya tattara kayanka ka dawo, ka tarar da zafi da sauro da kujerarsa ba kowa a kai, ga kuma matarka da 'yarka a wata uwa duniya. Garin neman gira kada ka rasa ido. Kuma ka lura, a duk wasiƙarka ban ga inda mahaifiyarka ta ce ka dawo ba. Ka tambaye ta abin da take so, ka yi shiru ka ji amsar.

Saboda haka ka kira Dudley a makon nan ka ce masa bakinka ya riga hankalinka, ya nemi wani. Zai yi tsaki, dangi za su yi gulma, kafin lokacin jatan lande ya wuce sun samu wani abin taunawa. Zancen ka tafi don su biyo ka dole kuwa, ka cire shi daga ranka. Macen da ta gaya maka magana irin wannan ba tare da ɗaga murya ba, ta daɗe tana auna ta.

Sai Britta. Kai da bakinka ka ba ni labarin yadda kyaftin ke tsayar da jama'arsa a bakin hanya ya shiga shi kaɗai ya nemi izini. Ko bugaggun garinmu sun san ba a afka wa gidan mutum sai ya ce bismillah. Kai ka ɗauko rawar da tsummokaran da zakaran, ka bar wannan a baya, sau biyu kuwa: ranar rufi da ranar wayar Dudley. Ita ta bi iyaye tana wanke abin da ba ita ta ɓata ba, a garin da za ta ci gaba da haɗuwa da su a coci da kanti. Ka ba ta haƙuri ba tare da ka haɗa da "amma a gida" ba. Ka je makarantar da ƙafarka ka ce laifin naka ne. Sannan ka je wurin Arlene ka ce ta koya maka abin da uwarta ta koya mata, ko da fari ne fat, ka ci ka ƙara. Shekara goma sha wani abu suna cin naka suna share hawayen barkono, kai sau nawa ka tambayi labarin nasu?

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Britta ma akwai nata. Ta auri mutumin da ke da tushe a wani wuri, kuma "ba inda za mu" ba amsar da za ta wadatar har abada ba ce. In ƙura ta lafa, ku zauna ku yi maganar shekaru masu zuwa a fili: hutu nawa za a riƙa yi a kudu, me zai faru in Mama ta kasa zama ita kaɗai, ko akwai ranar da za a sake duba zancen ƙaura. Kana da haƙƙin wannan tattaunawar. Amma ba za ta buɗe maka ita ba sai ta tabbata ba da ƙafa ɗaya a waje kake tambaya ba. Goggonninka kuma, in kun je, kai za ka ce musu su juya harshe, ba ita ba.

Wilfred fa? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba shi ya ɗauke Babanku ba, shi ne dai ke kai Mama asibiti yana gyara mata famfo kana can. Ya ce mai son rufi ya zo ya hau, to ka ɗauke shi a kan maganarsa. Ka kira shi ku shirya, ka kira kyaftin tun yanzu a mayar da gidan kan hanya, ka nemi hutun wannan makon a wurin aiki duk shekara, ka sa wani maƙwabci ya yi maka kiwon zakaru, kai ka hau. Abin da ya hana mahaifiyarka shan kofinta da jama'a rana ɗaya ce a shekara, kuma rana ɗaya ba ta buƙatar ka rushe gida.

A can inda kake kuma, ka daina kunna fitila kana jiran mutanen da ba su san ma'anarta ba. Su da rana da lokaci suka saba, to ka ba su rana da lokaci. Ka fara da ɗan sandan nan mai kwano biyu. Kuma ban yarda kai kaɗai ne ɗan Louisiana a filin man nan ba, ka cigita.

Na bar Odile a ƙarshe don ita ce maganar. Kana ganin ta ƙi ka, ni kuwa abin da na gani daban ne. Cikin yaran nan duka ita kaɗai ta kutsa ta kamo zakaran, kuma ka san a garinmu wanda ya kamo shi ne gwanin ranar. Ka gaya mata haka. Ka kai ta gida badi ta zauna a baranda kusa da kakarta, ba wanda zai ce ta yi gudu, ka bar kiɗan ya yi aikinsa. Kanar kuwa ya tsira, ka haƙura da shi.

Da ta ce maka ita 'yar nan ce, gaskiya ta faɗa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wata rana za ta girma, aiki ko aure ya kai ta wani gari mai nisa, ta zauna kamar yadda kake zaune yanzu, zama ya ƙi kama ta. Ba gonar shinkafa za ta yi kewa ba. Wannan garin mai sanyi da kake kushewa a gabanta kullum, shi za ta yi wa kuka, da farin abincin kakarta, da ƙamshin da ke tashi daga kicin ɗinku ranar Lahadi. Gidan da za ta yi kewa yanzu ake gina shi, kuma kai za ka zaɓa ko za ta tuna da uba a cikinsa, ko da mutumin da ya tafi.

Ka zauna, ɗana. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.

Tanti Elmire